Cinikin da Auta Ta Ƙulla

Ni dillalin tsofaffin motoci ne, ko kuwa in ce na taɓa zama. Aikin ba shi da wuya in ka san mutane. Mota ƙarfe ce, duk wanda ya ɗaga bonet zai ga abin da ke ciki, amma mutum sai an karanta shi. Mai sayarwa ya matsu, ba ya so a sani. Mai saye ya ƙyasa, yana ta yatsina fuska. Kai kuma aikinka ka shiga tsakani, ka sa kowannensu ya ji shi ne yake yi wa ɗayan alfarma, kuma kada ka kuskura ka bar su su keɓe su biyu kafin mukulli ya canja hannu. Da wannan na ci, na sha, na gina gida mai ɗaki uku da baranda, na kai yara makarantar da ni ban wuce aji uku a cikinta ba.

Uwar yarana ita ce mai addinin gidan. Kowace safiya in ta gama shara, sai ta ɗora butar shayi, ta zauna a kujerarta ta kaba a baranda, ta buɗe Littafi Mai Tsarki. Ba ta iya karatu a zuci ba, sai da murya. Ni kuwa ina tsaye gaban madubin da ke rataye a ƙusa, ina aske gemu, ina yi kamar ba na ji. Wani lokaci in jefa mata magana don in ji ta ce, "Maigida, ka ji tsoron Allah." Coci kuwa ina zuwa, amma a bencin baya nake zama, kusa da ƙofa, inda ake hango motocin da aka ajiye a waje.

Da ciwo ya kwantar da ita, sai na yi abin da na iya: na shiga ciniki da Ubangiji. Na ce in ya tashe ta zan bar taba. Jiki ya ƙi. Na ƙara da kwanon rufin coci. Na ƙara da cewa zan koma bencin gaba, in zauna a ƙarƙashin hancin Fasto har ƙarshen raina. Na yi tayi, na ƙara, na sake ƙarawa, ba a sallama mini ba. Ranar da muka binne ta na ce a raina, to, shi ke nan, kowa ya riƙe kayansa.

Masu gaisuwa suka watse, yara suka koma wuraren aikinsu. A nan na san cewa shiru yana da nauyi. Na fara jin abubuwan da ban taɓa sanin suna da murya ba: gurnanin firji, ɗigar famfon tsakar gida, agogon bango. Na kunna rediyo, amma rediyo ba ta jiran amsarka. Na koma filin da muke sayar da motoci, na tarar samarin yanzu ta waya suke ciniki, da hoto. Su ce, "Sannu, Baba," su goge mini benci, su mayar da ido kan wayoyinsu. Ko motar da nake ganin an ɓoye mata ciwo da mai mai kauri, ba wanda ya tambaye ni.

Matan coci suka riƙa zuwa da kwanonin abinci. Ban daɗe ba na lura cewa mai tabarau tana da ranarta, mai ɗingishi tana da tata. An raba ni ke nan kamar sharar coci. Na yi musu godiya mai yawa, irin godiyar da ke rufe ƙofa, suka daina zuwa. Fasto ma ya zo. Kafin ya buɗe baki na kama shi da zancen hayaƙin da motarsa take yi, ban sake shi ba sai da ya duba agogo ya miƙe.

Ana haka Auta ta zo. Ita ce ƙaramar 'yata, tana aure a wani gari mai nisa, tana aikin ofis. Ta buɗe firji, ta rufe da sauri. Ta dubi wuyana. Sai idonta ya sauka a kan bel ɗina, inda na huda sabon rami da ƙusa don wando ya daina zamewa. Ba ta yi kuka ba, ita ba mai kuka ba ce. Ta zauna a bakin gado ta ce in yara suka sami hutun makaranta za ta dawo, kuma in ta same ni yadda ta bar ni, to, tare za mu tafi. Ta riga ta gyara mini ɗaki. Gidan nan kuma a ba da shi haya.

Na san ɗakin. Yana can saman bene, tagarsa tana kallon bangon maƙwabta. Da safe kowa ya fice, a bar ni da talabijin kamar kaya a sito. 'Yan haya kuma ba za su kwana biyu ba za su jefar da kujerar kaba, su cire ƙusar madubi. Na ce mata lafiyata ƙalau. Ta ce ta ji, bel ɗin ma ya faɗa mata.

Tana haɗa jakarta ne ta kawo wata magana kamar wadda ta tuna a makare. Ta ce ko na tuna Hedimasta, wanda ya koyar da su a firamare? Ciwon sukari ya cinye masa ido. Yana zaune a bayan gidan mai, wurin ɗansa, amma ɗan kullum yana hanya, surukarsa kuma tana fita aiki da safe. Abin da ya fi ci masa rai, in ji ta, shi ne ba ya iya karanta Littafi Mai Tsarki, mutumin da ya yi rayuwarsa a cikin takarda. Ga shi da girman kai, gara ya mutu da ya roƙi wani ya karanta masa.

"Sai dai a yi masa dabara, Baba," ta ce. "Ka je ka ce kai ne kake so ya gyara maka karatu. Kai ka iya irin wannan."

Ta taɓo ni inda nake so. Tun rasuwar uwarta ba wanda ya ce da ni na iya wani abu.

Washegari na ɗauko Littafin marigayiya daga kan tagar ɗakinta. Tun da ta kwanta asibiti ba wanda ya taɓa shi. Ta ɗinka masa riga da ƙyallen wani tsohon zaninta, kuma har lokacin yana ƙanshin man da take shafawa. Na saka shi a leda don kada in riƙa jin ƙanshin a hanya.

Na sami Hedimasta a falo, zaune tsaf kamar mai jiran sufeto. Dogo ne siriri, rigarsa a goge, maɓalli har wuya, baƙin tabarau, sanda a kwance a kan cinya. Na shirya masa zance mai kyau. Na ce tsufa ya zo, karatuna na ɗan aji uku ne, ina so kafin in mutu in iya karanta abin da matata ta bari, amma kunya ta hana ni zuwa wurin yara. Ban ma kai ƙarshe ba ya ce ya yarda, in jawo kujera. Da wani ne ya sallama mini mota da irin wannan sauri, da sai na leƙa ƙarƙashinta. Amma ranar daɗin iyawata ya rufe mini ido.

Muka fara daga farkon Littafin. Ina bin layi da yatsa, ina tuntuɓe, ina haɗa kalma biyu su zama ɗaya. Shi kuma yana jijjiga sanda duk inda na kauce.

"Dillali," ya ce, "waƙafi rage gudu ne, aya birki ce. Kai ba ka taka birki ne?"

Na ce motocin da na sayar ba duka ne suke da shi ba. Ya yi dariyar da ban zaci tana cikin wannan ƙirjin ba.

Surukarsa takan bar masa flas ɗin shayi da burodi a kan tebur. Ni nake zuba masa, tunda ba ya gani, shi kuma ba ya yarda ya ci shi kaɗai. In na riƙe burodi a hannu ina zance, sai ya karkata kunne ya ce bai ji ina tauna ba. Haka na koma cin abinci, ba don yunwa ba, don kada makaho ya kama ni.

Karatu ya yi ta tafiya a hankali, musu ya fi shi yawa. Ni ban san Littafin cike yake da irin mutanen da na sani ba. Akwai mai ɗora wa matarsa laifi, akwai mai zaɓar fili mai dausayi ya bar wa kawunsa tsandauri. Da muka zo kan labarin wasu tagwaye, inda ƙaramin ya jira wansa ya dawo daga farauta da yunwa, ya saye girman wan da kwanon abinci, sai na rufe Littafin na ce wannan ɗan sana'armu ne, ko a filinmu sai an ba shi benci. Hedimasta ya ce in ji tsoron Allah. Ya faɗe ta daidai yadda marigayiya take faɗa, har sai da na kau da kai, ko da yake ba gani yake ba.

Ƙaramin tagwayen nan dai ya yi ta dabara har gida ya gagare shi, ya gudu. Rana ta faɗi masa a daji, ba uwa, ba ɗan'uwa, ba ko matashi, sai dutse ya tada kai da shi. A mafarki Ubangiji ya ce masa yana tare da shi, zai kiyaye shi duk inda ya tafi, ba zai bar shi ba. Gari na wayewa kuma sai gogan ya miƙe ya fara kafa sharaɗi: in za a tafi tare da shi, in za a ba shi ci da sutura, in za a dawo da shi gida lafiya, to, shi ma ga abin da zai bayar. Na buga cinya na ce ka gani ko, har da Ubangiji ma sai da ya yi ciniki.

Hedimasta ya ce in koma baya in sake karantawa, in gaya masa wa ya fara magana. Na koma da yatsa. Ubangiji ne ya fara.

"To, ka gani," ya ce. "Yana taya abin da aka riga aka ba shi kyauta."

Daga nan, ban san yadda aka yi ba, na ba shi labarin taba da kwanon rufi da bencin gaba, abin da ko 'ya'yana ban gaya wa ba. Ya saurara har na gama. Ya ce shi ma ya yi irin wannan tayi a kan idonsa, har da alkawarin koyar da yaran coci kyauta. Na tambaye shi amsar da aka ba shi.

"Ba a ba ni idon ba," ya ce. "Amma ba a tashi an bar ni ba."

Kullum in mun gama yakan yi addu'a, gajeriya, kamar mai magana da maƙwabci ta kan katanga. Ya yi godiya don shayi, ya roƙa wa ɗansa sauka lafiya, ya ambaci Auta, ya ambace ni. Ya taɓa cewa in yi, na ce ni da Shi ba ma magana tukuna. Bai matsa ba. Ya ce in zauna dai, ana gaisuwa ko a gaban wanda ke fushi.

A haka aka yi makonni. Na daina amfani da ramin da na huda a bel. Na fara aske gemu kullum, don ko makaho ne, Hedimasta ne, ba a zuwa gabansa buzu-buzu.

Wata safiya na riga lokacina fita, saboda mai kawo burodi ya tashe ni da wuri. Ina isa ƙofar falon sai na ji murya a ciki, murya mai daɗi kamar ta mai karanta labarai, tana karanta daidai wurin da za mu shiga ranar. Ba tuntuɓe, ba haɗa kalma, birki a inda ya kamata. Na ɗaga labule. Hedimasta yana zaune shi kaɗai, da wani ɗan akwati kamar ƙaramar rediyo a kan cinyarsa. Da ya ji motsina ya lalubi maɓalli ya kashe, ya tura abin ƙarƙashin matashin kujera, kamar yaron da aka kama da alewa a aji.

Na tambaye shi mene ne wannan. Ya yi 'yar gyaran murya, ya ce ɗansa ne ya sayo masa tun bara, Littafin duka yana ciki, daga farko har ƙarshe. Na ce to, mai irin wannan, me zai yi da ɗan aji uku yana yi masa kaca-kaca da Maganar Allah kowace safiya?

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce tunda na kama shi, zai faɗa. Auta ce ta zo ta same shi kafin ta koma. Ta ce masa kaɗaici yana cin ubanta, yana so ya iya karanta Littafin da uwarta ta bari, amma girman kai ba zai bar shi ya nemi taimako ba. Ta ce zan zo ina ganin ni ne nake taimakonsa, ya bar ni a haka, kuma ya ɓoye akwatin.

"Ni kuma ta ce mini kai ne kaɗaici yake ci," na ce, "kai ne mai girman kan."

Dariya ta kama shi har da tari. Ni ban yi ba. Ina tsaye ina ganin aikin gaba ɗaya kamar an buɗe mini bonet. Ta sami mai sayarwa shi kaɗai, ta sami mai saye shi kaɗai, ta sa kowa ya ji shi ne mai alfarma, ta tafi ta bar mu. Tana ƙarama, in an tashi makaranta, a bencin filinmu take zama tana jiran in kai ta gida, tana lilo da ƙafa. Ni ina zaton alewa take tsotsa, ashe darasi take ɗauka.

Ni da ba a taɓa sayar mini da mota mai lahani ba, yau ni aka shafa wa fenti aka kai kasuwa, har ana tausaya mini. Na ɗauki Littafina na saka a leda. Hedimasta ya ce in zauna shayi bai huce ba. Na ce ya sha da akwatinsa.

Na koma gida na rufe ƙofa. Shirun da na bari yana nan yana jirana, har ya ƙara ƙiba. Firji, famfo, agogo. Auta ta kira waya, na ce ina lafiya, na kashe. Na san hutun yara ya matso, na kuma san in ta zo ta same ni a haka, sai saman bene. Duk da haka na zauna ina ƙulla fushi, kwana da kwanaki, ina jira in ga wa zai fara nemana. Makaho ba zai tsallaka titin gidan mai shi kaɗai ba, na san wannan, amma mai fushi ba ya lissafi.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne bakina ya riga ya saba. Wata safiya, daidai lokacin da marigayiya take zama, na ga kaina a baranda da Littafin a hannu. Kujerata tana can ciki, na yi ƙyuyar ɗaukowa, sai na zauna a tata. Tun da ta rasu ban taɓa zama a kai ba. Kabar ta yi 'yar ƙara irin wadda take yi mata.

Na buɗe wurin mai matashin dutse, don shi na fi sani. Na karanta da murya, tunda ni ma ashe ban iya a zuci ba. Ina rage gudu a waƙafi, ina taka birki a aya, ba mai jijjiga mini sanda. Na zo inda ya farka ya ce ashe Ubangiji yana wurin nan, shi ne bai sani ba. Na tsaya. Na dubi tsintsiyarta a jingine, na dubi madubi a ƙusa, na dubi famfon da ke ɗiga. Sai na ji ina magana.

"Ubangiji, ban zo da tayi ba. Ba ni da abin da zan ba ka. Gidan nan ya yi mini shiru da yawa. In kana nan, ka zauna tare da ni."

Ba a yi tsawa ba, ba wanda ya amsa. Famfo ya ci gaba da ɗiga. Amma na daɗe a zaune, kuma ban ji ni kaɗai ne a barandar ba. Ban iya bayanin wannan ba, ni ba Fasto ba ne. Abin da na sani shi ne na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, da na gama kuma na ji yunwa. Na dafa shayi, na ci burodi. Daga nan na ɗauko sifana na ɗaure famfon.

Ina ɗaurin ne tunanin sana'a ya dawo mini. A aikinmu, ko ba jima ko ba daɗe, mai saye da mai sayarwa sukan haɗu, su kwatanta abin da dillali ya gaya wa kowa. Mu ba ma tsoron wannan ranar. Tambaya ɗaya ce: akwai mai so a mayar da kaya? In babu, ciniki ya yi kyau, kome aka faɗa. Na tambayi kaina, na ga ba na so a mayar. Na kuma auna maganar Auta, na ga ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Ni kaɗaici yana cina, kuma ina son karatun. Shi ma yana wuni shi kaɗai a falo. Ta dai ba kowa rabin gaskiya, rabin ɗan'uwansa, wanda ya fi sauƙin haɗiya.

Da safe na aske gemu na fita. A ƙofa na ci karo da surukarsa za ta tafi aiki. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce tun da na daina zuwa, flas ɗin shayi a cike take samunsa da yamma.

Yana zaune yadda na fara ganinsa, maɓalli har wuya. Ya gane takuna, amma ya yi kamar bai ji ba. Na ce na zo ne in ji ko yana so a mayar da kaya.

"Kayan suna da lahani," ya ce. "Ga hayaƙi, ga rashin birki, ga saurin zafi. Amma na saba da su."

Ya ce akwatin yana karatu da kyau, ba shakka, amma bai taɓa tsayawa ya yi musu ba, bai taɓa kiran wani a cikin Littafin ɗan sana'arsu ba, kuma ba ya shan shayi. Na ce na ji, amma ina da sharaɗi. Ya ce ai ya san ba zan dawo haka kawai ba sharaɗi ba. Na ce wasu ranakun a gidana za a yi karatun, ni zan zo in ɗauke shi in mayar da shi. Ina so barandar nan ta riƙa jin muryar mutane. Ya sallama. Ranar, da muka gama, ni na yi addu'a. Ba ta yi tsawo ba, kuma na manta ban ambaci ɗansa ba, sai da ya tuna mini.

Lahadi na zuwa ya ce ya daɗe bai je coci ba, don surukarsa tana fama da yara, ba ya so ya ƙara mata kaya. Na riƙe masa hannu muka tafi. Muna shiga na ja shi wajen bencina na baya, ya turje, ya ce shi kunne kaɗai ya rage masa, a gaba zai zauna. Haka na sami kaina a bencin gaba, a ƙarƙashin hancin Fasto. Sai da aka fara waƙa na tuna cewa wannan bencin ne na taɓa sa wa Ubangiji a matsayin farashi. Ga shi na zo na zauna a kai, ba wanda ya biya wani. Bayan an tashi, matar cocin nan mai tabarau ta tambaye ni a hankali ko ta iya kawo abinci. Na ce ta kawo na mutum biyu.

Auta ta iso da hantsi, ranar da karatu yake gidana. Ta shigo tana jan babban akwati, wanda daga yadda yake tsalle a kan siminti na san ba komai a ciki, nawa kayan aka zo zubawa. Ta tarar da mu a baranda, ni a kujerar uwarta, Hedimasta a tawa, muna musu a kan ko 'yan'uwan da suka sayar da ƙanensu ga fatake sun yi wauta ne ko mugunta. Ta gaishe mu, ta dubi wuyana, ta dubi bel. Ta shiga ta buɗe firji, na ji ba ta rufe da sauri ba. Ta fito tana tambayar Hedimasta lafiyar ido, da fuskar wadda ba ta san komai ba. Fuskar ma tawa ce, na gane ta.

"Dillaliya," na ce, "zo ki faɗi la'adarki."

Ta tsaya cik. Ta dubi Hedimasta, shi kuwa ya ɗaga kai sama yana murmushi. Sai ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Ta ce ta yi zaton zan yi fushi. Na ce na yi, har na gama, ba ta nan. Na ce aikin ya yi kyau, sai dai ta yi kuskure ɗaya, ta bar akwatin karatu a hannun mai sayarwa.

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, inda take zama in uwarta tana karatu. Ta ce la'adarta ita ce in ci gaba daga inda muka tsaya, tana so ta ji. Na buɗe Littafin, na sa yatsa. Hedimasta ya gyara riƙon sandarsa.

Ta yi mana kwanaki, ta koma da akwatinta yadda ta zo da shi. Maganar haya ba ta sake tasowa ba.

Ba zan ce na daina kewar uwar yarana ba. Akwai safiyar da nake juyawa daga madubi in jefa mata magana, sai in tuna. Amma yanzu in na tuna, ina da wanda nake gaya wa, kuma ba na zuwa masa da tayi. Ina gode masa don ita, don 'yar da ta gaji sana'ata ta yi abin kirki da ita, don tsohon makahon da har yau bai yarda na iya birki ba. Mun wuce rabin Littafin. Hedimasta ya ce in muka kai ƙarshe, daga farko za mu sake, don akwai wuraren da na bi da gudu.